Shawarar Malam Gyara

Yayana mutum ne da bai taɓa tambayar hanya ba a rayuwarsa. Gara mu zaga unguwa har mai ya ƙare da ya sauke gilashin mota ya ce wa wani sannu. Amma in kwamfuta ce ta ba shi shawara, jiki na rawa yake karɓa.

Ni da shi muke da ɗan kamfanin rubuta manhaja a ɗakin saman gidanmu: tebur biyu, fanka mai ƙara, da taga da ke kallon igiyar shanyar Mama. A sana'armu, in ka gama rubutu sai ka miƙa wa wata manhaja ta duba kafin abin ya yi aiki. Kwamfaila ake ce mata, mu kuwa muna kiranta Malam Gyara, don ba ta tsaya a nuna kuskure ba, har da cewa "gwada sa kaza a nan".

A wata safiya Yaya ya ja teburina zuwa bakin ƙofa, ya ajiye mini wayar ofis a kai.

"Auta, daga yau ke za ki riƙa amsa kira. Rubutu ki bar mini. Ni da Malam Gyara mun isa."

Mama tana tsaye da tiren shayi. Ta ce, "Kai kaɗai, Babba? In ka kakare fa?"

"Mama, na'ura ba ta son kai. Duk abin da ta ce in yi, wallahi shi zan yi, ko mene ne."

Raina ya ɓaci sosai, don tare muka kafa wurin nan, kuma rabin rubutun da ke cikin injinsa da hannuna na yi shi. Na ɗauki shayina na zauna gadin waya.

Ranar ce mai kantin magani zai zo da yamma ya ga manhajar da muka yi masa, wadda ke gargaɗi in magani ya kusa lalacewa. A cikinta akwai wani ɗan injin rubutu da na ƙera, irin wanda muke kira makiro. Kai za ka rubuta layi ɗaya, shi kuma ya zazzago layuka masu yawa a ɓoye, don ya rage maka wahala. Matsalar ita ce Malam Gyara layukan ɓoyen yake karantawa. In ya ga kuskure a can ciki, sai ya nuna maka layinka ɗaya tilo da yatsa, ya ba ka maganin da ya dace da wani layin da ba ka ma gani. Kamar a ce yaron maƙwabta ne ke tari, likita ya ɗura maka maganin.

Kafin shayin ya huce, allon Yaya ya yi ja.

"Ka gani ko?" ya ce da kansa. "Ya ce in ƙara alama a nan. Shi ke nan."

Ya ƙara. Malam Gyara ya ce wannan alamar ba wurinta ba ne, a cire. Yaya ya cire. Malam Gyara ya ce gwada ƙara alama a nan.

Na cusa fuskata cikin kofi don kar dariya ta kuɓuce mini. Daga inda nake ina hango layin, kuma na san ciwon: Yaya ya ba makiron ranar lalacewar magani a matsayin rubutu zalla, alhali kwanan wata yake jira. Gyaran bai kai a tashi tsaye ba.

"Yaya, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Waya ba ta ƙara ne?"

To, madalla. Na gyara zama.

Rana ta take, Yaya ya cire hula. Can ya ɓalle maɓallin wuya. Malam Gyara ya sa shi ya kwafi wani abu, ya kwafa, ya sa shi ya jawo wani sashe da babu shi a duniya, ya yi ta nema. Kuskure ɗaya ya haihu ya yi jikoki. Mai kantin magani ya bugo, na amsa da muryar da ta fi kowace zaƙi.

"Sannu da aiki, Alhaji. E, ƙwarai, ka taho, Yaya ya ce komai ya kammala."

Yaya ya harare ni ta saman allo. Na ɗaga masa wayar, ai aikina nake yi.

Amma da na ga yana ta duba agogo yana sake gwadawa, sai dariyar ta gudu. Tausayinsa ya kama ni. Na san zai iya zama a kujerar nan har Alhaji ya zo ya tafi da aikinsa, bai buɗe baki ya kira ni ba. Ni ma kuma na rantse ba zan je ba sai an kira.

Akwai abin da Yaya ya manta. Wanda ya ƙera makiro yana iya sa masa saƙo, kuma Malam Gyara zai karanto saƙon da jan rubutunsa kamar daga bakinsa ya fito. Rubutunmu wuri ɗaya yake zaune, kowa na iya taɓawa daga teburinsa. Na buɗe kwamfutata a hankali, na yi 'yar ƙwanƙwasa, na rufe. Sai na leƙa matakala.

"Mama! Zo ki kwashe kofuna, don Allah."

Tana shigowa Yaya ya sake dannawa. Ya tsaya cak. Mama ta sunkuya ta bayansa, ta gyara tabarau, ta karanta da ƙarfi:

"Shawara: gwada tambayar ƙanwarka." Ta miƙe. "Ikon Allah! Babba, har ta san Auta? To ai ka yi rantsuwa a gabana."

Yaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo da kujerarsa.

"Auta. Na'ura ta ce in tambaye ki."

"Tambayi mana, Yaya."

Ya matsar da kujerarsa gefe. "Zo ki duba mini. Don Allah."

Na je na goge duk tarkacen da Malam Gyara ya sa shi, na mai da ranar kwanan wata. Allon ya koma kore. A daidai nan muka ji hon ɗin Alhaji a ƙofar gida, Mama ta sauka buɗe masa.

Na kai hannu zan cire saƙon, Yaya ya riƙe mini hannun riga.

"Na san ke ce. Tun safe nake so in kira ki, bakina ne ya ƙi." Ya tashi ya kama gefe ɗaya na teburina. "Bar saƙon a ciki, zan sake bukatarsa. Kama can mu mai da teburin wurinsa."