Ƙyallaye a Kunnen Mai-inji

"Baba, ina ne ke yi maka ciwo?" babban ɗan Mai-inji ya faɗa da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Tsohon yana kwance yana kallon bakinsa, yana murmushin nan na wanda bai ji ba, amma ba ya son ya ba mutane kunya.

Tela yana tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, don a guje aka kira shi, ya baro riga a ƙarƙashin allura. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da ɗakin niƙa. Tun suna da ƙarfinsu yake mitar cewa ƙarar injin nan za ta kurmantar da unguwa, shi kuwa Mai-inji ya ce tela ba shi da bakin magana, mutumin da zai ce ka dawo Laraba amma ba zai faɗi ta wane wata ba. Ashe mutum ɗaya ƙarar za ta kurmantar. Kunnen ya tafi a hankali, har aka wayi gari ko tsawa aka yi sai dai ya ga mutane sun zabura.

Da ɗan ya gaji da ihu, matar Mai-inji ta juyo ta ce wa Tela a taimaka a kira mata Tambaya.

Auta ke nan, 'yar Tela ta ƙarshe. Mai-inji ne ya laƙaba mata sunan Tambaya tun tana ƙarama, saboda yawan tambayarta. Tela ya aika a kira ta, amma ransa bai so ba, don kwanan nan gaisuwa kawai ke haɗa su. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun kiwon lafiyar jama'a, kuma malaminta ya ba ta gurbi a wani babban bincike na gwajin ruwan sha, irin wanda duk wanda ya shiga da wuya ya rasa aiki. Ita kuma ta ce kunnuwan masu injin niƙa take son ta bincika. Malamin ya ce ta je ta yi tunani zuwa ƙarshen mako. Tela kuwa, wanda yanzu sai ya fita haske yake iya zura zare a allura, ba abin da yake so irin ya ga ta tsaya da ƙafarta kafin idon ya ƙarasa. Ya gaya mata bai kai ta jami'a don ta dawo ta tsuguna cikin ƙurar gari ba.

Auta ta shigo da jakar littattafai a kafaɗa. Ta durƙusa inda tsohon zai ga hannunta. A ɗakin niƙa ba a magana da baki, don ba mai jin wani. In kana son gari mai laushi ka murza yatsu, in ɓarza kake so ka dunƙule hannu, in inji ya samu matsala Mai-inji ya dafa wurin ya girgiza kai. Ta dafa kansa, ya ɗaga gira alamar lafiya. Ta dafa ciki, haka. Da ta kai ƙirji sai ya riƙe hannunta a wurin, ya zagaya ɗayan hannun a iska, ya sake shi ya faɗi.

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "Ƙirjinsa ne, Inna. Ya ce bel ɗin injin ne ke zamewa."

Tsohon ya nuna jakarta ya murza yatsu, wato karatun ya yi laushi? Ta haɗa yatsu biyu, saura kaɗan. Sai ya waiga ya hango Tela, ya motsa ƙafa kamar mai taka keken ɗinki, ya wurga hannu can gaba. Wannan kam ba sai an fassara ba, Larabar nan ta Tela yake nufi, kowa a ɗakin ya yi dariya, har Tela.

Ya tuna ta tana ƙarama a kan buhuna, gira da gashin ido fari fat, tana tambayar abin da ya sa Baba Mai-inji ba ya juyowa in an kira shi. Ya tuna yadda take lallaɓowa ta kwashi ƙyallaye a ƙarƙashin kekensa ta je ta cusa wa tsohon a kunne. Shi kuwa ya wuni yana niƙa da ja a kunnen dama, kore a na hagu, masu kawo hatsi suna ta yi masa dariya, bai cire ba sai an rufe shago. Tela ya sha yi mata faɗa a kan ƙyallayen nan. Bai taɓa tambayarta me take nufi da su ba.

An samo mota an kai shi asibiti, Auta a gefensa tana gaya wa likita abin da hannunsa ke faɗa. Washegari da rana, in ji matarsa, ya ɗaga hannu ya murɗa shi a hankali, yadda yake kashe inji in aiki ya ƙare. Bai sake farkawa ba.

Da masu gaisuwa suka ragu, Auta ta shigo shagon Tela da safe ta tsaya kusa da teburin yanka. Ta ce gobe za ta je wurin malam, kuma binciken ruwan nan za ta karɓa, ba ta son ta riƙa sa mahaifinta cikin damuwa.

Tela bai ɗago ba. Tsoron yana nan inda yake, ba wanda ya yi mata alƙawarin aiki a ɗakin niƙa. Ya daɗe yana shafa wani yadi da ba shi da ko alamar yamutsewa, sannan ya tambaye ta ko injina nawa take bukata. Ta ce da yawa, duk wanda zai yarda a gwada masa kunne.

"Ba za su yarda da baƙuwa mai biro a hannu ba," ya ce. "Amma rabinsu ni na ɗinka musu riga, wasu ma har yau suna jiran ta. Ki bari in riƙa raka ki, in sun gan ni ko don zagi za su tsaya."

"Baba..."

"Je ki kafin in canza ra'ayi."

Da ta fita ya sunkuya ya jawo kwandon ƙyallaye daga ƙarƙashin keke. Ya tsinto ja, ya tsinto kore, ya soma yanka su ƙanana daidai kunne yana tarawa a gwangwanin maɓallai. Bayan bango shiru, har yana jin ƙarar almakashinsa.