Marfin Bakin Waya

A shekarun da ordinatar, wato kwamfuta, ta fara shigowa Dakoro, Zara ce sakatare a biron wani furoje, wato ofishin wani shiri na kiwon dabbobi. Ordinatar huɗu gare su. Baƙar waya guda ta bi gindin bango ta ɗaure su a jere kamar raƙuman ayari, har ɗakin Issa mai allurar shanu.

Wata safiya duk ordinatar ɗin suka daina ganin juna. Issa ya ce a jira Yazidu, mutumin Maradi da ya kafa su, sannan shi Issa ya hau babur ya nufi garin Korahane. Zara kuwa abin ya tsaya mata a rai. Ko da waya ta tsinke a wani wuri, me zai hana biyun da ke ɗakinta, kafaɗa da kafaɗa, su yi magana?

Ta buga wa Yazidu tarho ta tambaye shi.

"Kin taɓa leƙa rijiya kika yi kira?" in ji shi.

"Tun ina ƴar ƙarama."

"To haka saƙo yake cikin wayar nan. In ya kai ƙarshe bai tarar da abin da zai shanye shi ba, sai ya dawo ya yi karo da na bayansa, ba mai jin wani. Duba bakin wayar, kowane gefe akwai ɗan marfin ƙarfe, shi ke shanye amon. Inda ta tsinke kuwa, baki ne ba marfi."

"In na ciro na ɗakin Issa na sa shi nan kusa fa?"

"Gwada, Malama Zara. Ba abin da zai ƙone."

Ta murɗo marfin, ta raba wayar a bayan ordinatar ta biyu, ta toshe. Nan take biyun suka ga juna. Ta daɗe tana juya abin a ranta kafin ta matsa da marfin bayan ta uku. Ita ma ta shigo. Ashe ɓarnar tana tsakanin nan da ɗakin Issa. Ta durƙusa tana bin wayar da yatsu, har ta ji inda ƙofar ƙarfe ta matse ta: fatar lafiya lau, cikin ya karye.

Da Yazidu ya zo da sabuwar waya, ya tarar ta tsaga tsohuwar da reza, tana warware saƙar da ke ciki mai kama da kitso.

"Wannan kuma mene ne aikinta?" ta ce.

Ya aje jakarsa, ya jawo kujera ya zauna.