Fayil ɗin da Yaya Ta Ba Ni

Shekara tara ina koyar da darasin sarrafa bayanai ga 'yan aji uku a jami'a, kuma duk shekara kuka ɗaya ɗalibai suke yi mini: bayanan da nake ba su na ƙarya ne. Gaskiyarsu. Ni nake zama in ƙirƙiro kanti da kaya da masu saye, komai tsaf, babu gurbin da aka bari fayau, babu kwanan watan da aka rubuta a juye. Ɗalibi ya gama ya kama aiki, a miƙa masa fayil na gaske, sai ya rasa ta inda zai kama. A shekarar da nake ba ku labari na ce sai na samo musu na gaske.

Yayata ce mai kula da katunan marasa lafiya a asibitin jami'ar. Shekararta ashirin da shida a wurin, ita ta kwashe tsofaffin katunan takarda ta shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Na same ta a ɗan ofishinta mai warin tsohuwar takarda, tabarau a kan hanci.

"Yaya, taimako za ki yi mini."

"In ka kira ni da wannan muryar, Auta, na san wahala ce ta zo."

Na yi mata bayani. Ta girgiza kai. "Ba a fitar da wannan, ka sani."

"Sunaye zan cire, da lambar kati, da lambar waya. Abin da zai rage ƙidaya ce kawai. Ni da nake koyar da abin nan, ni za ki koya wa?"

Sati biyu ina yi mata naci. Ita ta goye ni tun ina tsumman goyo, ba ta taɓa iya hana ni abu har ƙarshe ba. Ranar da ta miƙo mini filash ɗin da ta kwafi bayanan a ciki, ta riƙe shi kaɗan kafin ta saki. "Ka duba da kyau," in ji ta.

Na goge sunaye da lambobi kamar yadda na yi alkawari. Na bar shekaru, da mace ko namiji, da sashen karatu, da aji, da abin da likita ya rubuta. Layi dubu goma sha ɗaya ne. Na karanta ashirin na farko: zazzaɓi, ciwon ciki, targaɗe a filin ƙwallo. Na rufe na raba wa ɗalibai.

Aikin shi ne kowane rukuni ya haɗa allon nuni, wanda suke ce wa dashbod: shafi ɗaya da shugaban asibiti zai kalla ya gane wace cuta ta fi yawa, a wane wata, kuma ya danna ya tace abin da yake so ya gani. Ɗakin kwamfutarmu na da inji arba'in, ashirin da uku ke tashi, sai su zauna bibbiyu ko uku-uku. Ban taɓa ganin aji ya kama aiki da zafi haka ba.

A cikinsu akwai wadda kowa ke kira Gwaggo. Shekararta arba'in da uku, ta girmi wasu da ashirin. Da safe tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta mai zaman kanta, da rana ta shigo mana da ƙurar alli a hannun riga, ta zauna a gaba saboda idonta. Da yatsa biyu take buga kwamfuta, samari na tsokanarta.

"Gwaggo, a kawo miki sanda ki ƙara gudu?"

"Kawo, in fara da bayanka."

Amma ita ce ta fara lura cewa an rubuta zazzaɓi iri biyar a fayil ɗin, ita ta nuna wa aji yadda za a haɗe su. A raina na riga na ba ta maki mafi girma.

Ranar gabatarwa, rukunin wani da ake kira Dogo ne na huɗu. Aikinsu ya fi na kowa kyau, launuka uku kacal, rubutu manya. Sun kuma yi wata dabara da ni kaina na yaba musu tun da farko: in an tace har layukan suka ragu, sai bayanin likita ya fito a ƙasa ɓaro-ɓaro.

Wani daga baya ya ce, "Tace mana sashenmu, mu ga me ke damunmu!"

Aka yi dariya. Dogo ya danna. Layi ɗari biyu da wani abu.

"Aji uku!"

Hamsin da takwas.

"Mata kawai!"

Sha tara. 'Yan mata suka yi ca, ana ta shewa. Ni ma dariya nake, ina rubuta maki. Sai Dogo, don ya nuna cewa wurin zaɓen shekaru ma yana aiki, ya ja shi zuwa arba'in da sama.

Layi ɗaya ya rage. Bayanin ya fito a jikin bango, kowane harafi kamar tafin hannu. An kawo ta a sume. Ta sha ƙwayoyin barci masu yawa da gangan. An wanke mata ciki, an tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ta roƙi kada a sanar da iyalinta.

Mace ɗaya ce ta haura arba'in a ajin nan, kuma tana zaune a gaba.

Dogo ya yi sauri zai rufe, ya danna inda ba shi ba, rubutun ya ƙara girma. Na tashi na fizge wayar majigin da ke haska bangon, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba: sai da na karanta har ƙarshe kamar kowa. Kuma ɗalibai sun saba ɗaukar hoton duk abin da ya hau bango. Na ga wayoyi uku ko huɗu a sama.

Gwaggo ta rufe littafinta, ta mayar wa biro murfinsa, ta sa a jaka. Ta miƙe.

"Malam, a ba ni izini."

Kai kawai na ɗaga. Ta fita ta jawo ƙofar a hankali.

Na roƙi aji, na yi barazana, kowa ya rantse ya goge. Kafin la'asar hoton ya zaga jami'a, an zagaye layin da jan launi, wani ya rubuta laƙabinta a kai.

Jami'a ta kafa kwamiti. Aka tambayi Yaya wa ya fitar da fayil ɗin, ta ce ita ce. Aka tambaye ta ko an matsa mata, ta ce a'a. Ina zaune a kujera ta biyu daga gefenta. Na ji an yi tambayar, na ji amsarta, na kalli takalmina. Da aka zo kaina na ce na cire sunaye bisa ƙa'ida, abin da ya faru kuskure ne da ba a hango ba. Shugaban sashenmu ya tsaya mini, don babu wanda zai ɗauki darasin in na tafi. Ni aka ba ni takardar gargaɗi. Yaya aka sallame ta, saura shekara uku ta yi ritaya.

Gwaggo ba ta sake zuwa aji ba. Bayan wata guda na nemi kwatancen gidanta na je. Bene ne mai ɗakunan haya, nata a hawa na biyu, igiyar shanya a baranda. Da hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce tana makaranta. Ita ta buɗe. Ta rame. Ta gaishe ni da ladabi, amma ba ta ce in shiga ba.

"Ba ki je aiki ba?"

"Iyayen yara sun ga hoton. Mai makaranta ta ce in huta tukuna. An riga an sa wata a ajina."

"Maigida fa?"

"A wurin aikinsa aka nuna masa. Da ma ce masa na yi gyambon ciki ne ya kwantar da ni." Ta gyara tsayuwa. "Bai yi faɗa ba. Ya dai kwashe duk maganin da ke gidan ya kulle, yaran kuma ya kai su wurin ƙanwarsa."

Na fara jero abin da na shirya: na ba ta haƙuri, na ce za a ba ta damar jarrabawa ita kaɗai, na ce maki ba zai zama matsala ba.

"Malam," ta katse ni, "ka karanta fayil ɗin kafin ka ba mu?"

"Na cire sunaye."

"Ba ita na tambaye ka ba."



"Ni na karanta," in ji ta. "Tun satin farko na ga layina. Na so in same ka, sai na ga in na faɗa, to na faɗa ke nan. Na yi ta addu'a kada kowa ya kai wurin. Akwai wasu ma. Akwai yarinya biyu a ajin nan da na gane, da abin da ya fi nawa muni. Ka je ka karɓe fayil ɗin daga hannun yaran nan."

Ta ce a gaida gida, ta rufe ƙofa.

Na bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kansu suna gogewa. Sittin da huɗu ne, kowa da kwamfutarsa da wayarsa da abokansa. Ban san kwafi nawa ya rage a waje ba, har yau.

Ba ta dawo karatu ba. Na ji an ce sun tashi daga gidan, ban samu wanda ya san inda suka koma ba. Yaya tana zaune a gida yanzu, hawan jini ya kama ta. Duk ƙarshen mako nakan je. Takan tambayi matata da yara, ta sa a kawo mini ruwa, mu yi hirar zafi da tsadar magani. Maganar fayil ɗin dai, ba ta taɓa tayar da ita ba. Sau biyu na buɗe baki zan fara, sai ta ƙara ƙarar rediyo.