Bututu Kafin Daɓe

Norris Pickersgill ya yi shekaru yana tuƙa bas a Sheffield, ba a taɓa jin ya ɗaga wa fasinja murya ba. Ko taka masa ƙafa aka yi, shi ke ba da haƙuri. Da ya yi ritaya, matarsa Glenys ta ce ta gaji da minsharinsa. Tana son sararin nan na ƙarƙashin rufi, inda suke jibge tsofaffin akwatuna, ya koma ɗakin kwana da banɗakinsa. Norris ya ce to.

Glenys ta samo kafinta, wani dogo mai suna Dougie. Norris ya samo mai aikin famfo, Bev, wadda ta taɓa gyara musu tukunyar ɗumama gida. Abin da babu wanda ya tuna ya gaya musu shi ne Dougie da Bev sun taɓa aure, kuma ba a rabu da daɗi ba.

Ranar farko suka yi kiciɓis a bakin ƙofa. Bev ta dubi Dougie sama da ƙasa.

"Mista Pickersgill, in yana nan, ba na nan."

"Madalla," in ji Dougie. "Gara ƙarar zarto da ƙarar bakinta."

Aka raba musu yini: Dougie da safe, Bev bayan abincin rana. Sai dai aikin a sarƙe yake. Dougie zai jera manyan katakan da za su ɗauki nauyin ɗakin, Bev ta bi tsakaninsu da bututu ta saki ruwa ta gwada, sannan Dougie ya shimfiɗa daɓen katako ya tada bangon banɗaki, Bev ta dawo ta kafa baho. Duk wanda ya riga ɗan'uwansa, an yi ɓarna. Dole wani ya riƙa kai saƙo, Norris kuwa ba shi da aikin yi.

Saƙon farko daga Dougie ya fito. "Maigida, gaya wa waccan matar kada ta cinye mini katako kamar gara."

Norris ya juya maganar a ransa, ya ga ba za ta fito daga bakinsa ba. Da Bev ta zo, ya miƙa mata shayi ya ce, "Dougie yana gaishe ki."

"Dougie? Ba shi da lafiya ne?"

Haka aka ci gaba. Bev ta ce "jaki", Norris ya kai "sannu da ƙoƙari". Dougie ya ce "masifaffiya", Norris ya kai "ya yaba aikinki". Gida ya yi lafiya, Norris yana jin daɗin kansa, har yana gaya wa Glenys da ma aikin sulhu ya kamata ya yi tun yana saurayi.

Ran Alhamis Bev ta sauko tana goge hannu.

"Saurara da kyau. Bututun da ke jikin bango ya hau saman katako, dab da inda daɓe zai zauna, kuma cike yake da ruwa. Gaya wa mai kunnen ƙashin nan kada ya rufe sai na zo Litinin na sa masa alama. In ya buga ƙusa a wurin, a tsakiyar kansa zan buga masa tawa."

Norris ya zauna wankin saƙon. Ya cire kunnen ƙashi, ya cire tsakiyar kai, ya ga "kada ya rufe" ma ta yi kaushi. Da safe ya kai abin da ya saura.

"Bev ta ce ka kula da kanka, musamman wajen buga ƙusa."

Dougie ya tsaya da guduma a hannu. "Ita ta ce in kula da kaina?"

Ranar nan da fito ya yi aiki. Ko hutun shayi bai yi ba, ya shimfiɗa daɓen kaf daga bango zuwa bango, don Bev ta zo ta tarar da abin mamaki.

Ran Lahadi, bayan sun ci gasasshen nama, Norris ya kishingiɗa a gado. Wani abu mai sanyi ya ɗiga masa a goshi. Ya buɗe ido ya ga silin ya yi tumbi, ya sauko kamar cikin saniya. Bai kira Glenys ba, don ba ya son tayar mata da hankali. Ya ɗauko lema, ya ɗan taɓa tumbin da tsininta don ya ji ko da tauri.

Silin ya fashe, ƙarar har maƙwabta suka ji.

Glenys ta rufe ruwan gidan, ta kira Dougie da Bev, ta ce wanda bai zo yanzu ba kada ya sake zuwa. Kusan tare suka iso, Dougie da sabon aski da riga mai guga. Suka haye sama, Norris yana biye da su, jiƙe sharkaf, farar ƙasa a gashinsa.

Bev ta ɓanɓare katako ɗaya. Ga ƙusa nan ta ratsa bututu.

"Ban ce kada ka rufe ba?"

"Cewa kika yi in kula da kaina!"

"Ni? Ni Bev? Da wane bakin?"

A hankali suka juyo ga Norris.

"Gishirin maganar na ɗan rage," in ji shi.

"Gishiri? Miyar ka zubar gaba ɗaya, Mista Pickersgill!"

Dougie ya shafa ƙeyarsa. "Maigida, wato sannu da ƙoƙarin nan ma...?"

"Ni ne."

Bev ta dubi askin, ta dubi rigar, sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna a kan akwatin kayan aikinta. Kunnuwan Dougie suka yi ja, ya naɗe hannun riga ya ce ta matsa ta ba shi wuri.

Daga ranar Glenys ta kafa doka: su biyun za su zo tare, Norris kuwa shayi kawai, ba magana. Yana kicin yana jiyo su ta saman kansa.

"Jan layin nan bututu ne, makaho!"

"Na gani, uwar iyayi! Ɗauke ƙafarki daga kan katakona!"

Kowace kalma sai ya runtse ido. Amma aiki ya riƙa gudu, ba a sake huda komai ba. Bango ya tashi, baho ya zauna, Dougie ya gyara silin ɗin ƙasa.

Ranar da suka gama, Norris ya leƙa ta taga ya gan su jingine da motar Bev, suna cin kifi da soyayyen dankali a takarda ɗaya, suna musu a kan wanda ya ƙwarzane ƙofar banɗakin. Norris ya san shi ne, da faranti, lokacin da ya kai musu shayi. Ya saki labule ya koma wanke kofuna.