Tsamin Ramin Kalilu

Da kaka, Kalilu na Gulma ya yi yadda malamin gona ya koya musu. Ya daddatsa ɗanyen karan masara, ya yayyafa masa ruwan mazarƙwaila, ya danne shi a rami, ya rufe da leda da ƙasa. Duk don saniyarsu guda, wadda kowace bazara take ramewa har nononta ya ƙafe.

Da ciyawa ta ƙare a fadama, ya buɗe ramin. Tsami ya bugi hancinsa.

"Ma'u, abin ga ya ruɓe! Miƙo kwando in kai juji."

Matarsa ta damƙo kaɗan ta sansana, sai ta fashe da dariya.

"Haba Malam! Shekara ashirin kana shan furata, ba ka san tsamin kirki ba? Wanga ƙamshin kindirmo ne. Ruɓaɓɓe wari yake yi."

"To, bari saniyar ta raba gardama, tunda abincinta ne," in ji Kalilu.

Suka zuba wa saniyar a daro. Ta shinshina, ta yi jim, sannan ta cusa baki, ba ta ɗago ba sai da ta lashe daron tas.

"Ƙaro mata!" in ji Kalilu, bakinsa har kunne.