Ruwan Ƙarshe a Gonar Don Celestino

"Sake karanta mini, Chela," in ji Don Celestino.

Muna zaune cikin tsohuwar motata a bakin ƙofar gandun tsuntsaye na gwamnati. An zarga sarƙa an datse da kwaɗo, an liƙa farar takarda a jikin ƙarfen. Na leƙa ta taga na sake karanta masa: an rufe wurin nan saboda majalisar tarayya ba ta amince da kasafin kuɗi ba, sai yadda hali ya yi.

"To, mun ji," ya ce. "Su kuma tsuntsayen, wa ya karanta musu?"

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Na gyara masa robar iskar da ke hancinsa, na jira har ya lafa.

Don Celestino Apodaca maƙwabcina ne, shingen waya ne kawai ya raba gidajenmu a wani ƙauye da ke gefen kogin Rio Grande, a jihar New Mexico. Tun yana saurayi yake aiki a gandun nan har ya yi ritaya. Aikinsa sakin ruwa: duk kaka, idan sanyi ya koro gauraki daga arewa, shi ke buɗe ƙofofin ruwa ya cika musu tafkunan da za su kwana a ciki. Yanzu huhu ya ci shi. Likitoci sun sallamo shi gida, wata nas tana zuwa tana duba shi, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ni kuwa ma'aikaciyar ofishin haraji ce a Albuquerque. Tun da aka rufe gwamnati aka tura mu hutun dole babu albashi, shi ya sa na zama direbarsa.

Wata mota ta tsaya a bayanmu. Darlene Yazzie ce ta fito, ma'aikaciyar gandun, wadda shi ya koya mata aiki. Ba ta cikin kayan aiki. Ta zo ta dafa tagar ɓangarensa.

"Maigida, me ya fito da kai cikin iskar nan?"

"Abin da ya fito da ke. An saki ruwa?"

Ta girgiza kai. "Mutum ɗaya aka bari, shi ma gadi kawai. Ni ko kyauta na ce zan yi, laifi ne a doka. In na taɓa ƙofar ruwa, aikina ne zai tafi."

Kafin ya ba ta amsa muka ji kukan gaurakin daga sama, wannan gurnani mai kama da ana mirgina duwatsu a maƙogwaro. Suka zo a jere, suka yi ƙasa-ƙasa a kan tafkunan, suka zagaya, suka sake zagayawa. Babu komai a ƙasa sai busasshiyar laka mai tsage-tsage. Suka ɗaga suka yi kudu. Don Celestino ya bi su da ido har suka ɓace.

"Kai ni gida," ya ce. "Ki kira mini Rudy."

Rudy Tafoya shi ne sarkin ruwan ƙauyenmu, shi ke raba wa manoma ruwan magudana bi da bi. Mutum ne mai tumbi da ƙarar murya, kuma tun suna yara suke faɗa da Don Celestino. Ya zo ya tsaya a ɗakin girki, hula a hannu, ƙamshin gasasshen barkono ya cika gidan, domin na ɗora wake.

"Ruwan ƙarshe na bana, kafin a rufe magudana," in ji Don Celestino. "Ina son ka juya shi gonata gaba ɗaya. Masarar nan kuma a kwantar da ita a ƙasa."

"Kai, tsohon nan, iskar da ake ɗura maka ta hau kanka ne?" Rudy ya ce. "Ruwan nan na gidaje da yawa ne. Kuma masarar ai ka yi wa coci alkawarinta. Ka san an ce watan nan ba za a saka komai a katin tallafin abinci na gwamnati ba? Jiya layin masu karɓar abinci da ke bakin coci har ya wuce gidan waya. Mutane ba su da abin sa wa a tukunya, kai kana maganar ciyar da tsuntsu."

"Na san da layin."

"To?"

Don Celestino ya kalli hannuwansa a kan tebur.

"A raba," ya ce can. "Rabi na mutane, rabi nasu. Kafin a haifi kakan kakanka suke sauka a kwarin nan, Rudy. Ba su taɓa zuwa sun tarar babu ruwa ba a hannuna. Ba na son wannan ya zama abin da zan gani na ƙarshe."

"Ai ba a hannunka yake ba yanzu."

"Shi ya sa na kira ka, jaki."

Rudy ya mayar da hularsa, ya ɗebi wake da ludayi daga tukunya ya ɗanɗana, ya ce gishiri bai ji ba, ya fita. Da yamma na hango motarsa tana bi gida-gida.

Ba kowa ne ya yarda da daɗin rai ba. Wata gwauruwa da ke ƙarshen magudana ta ce ciyawar dabbobinta na bukatar ruwan, kuma gaskiyarta ce. Sai da Rudy ya yi alkawarin ba ta daga tasa ciyawar. Amma ranar da aka sa, mutanen da suka fito sun ba ni mamaki. Ashe kwarin nan cike yake da irina, waɗanda gwamnati ta zaunar a gida suna kallon bango: masu aikin gandun daji, malaman makarantar renon yara, wani mai auna ƙasa da ban taɓa jin muryarsa ba. Darlene ta zo da dogon takalmin roba.

"Nan ba gonar gwamnati ba ce," ta ce. "Bari in ga wanda zai hana ni."

Muka karye masarar rabin gona da hannu, shuɗiyar masara irin tamu, muka loda a motoci zuwa coci. Don Celestino yana zaune a barandar baya cikin bargo yana ba da umarni, ba wanda ke jin sa sai ni da nake kai masa shayi.

"Dubi mai karɓar haraji tana gumi," ya ce. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba."

"Ka yi a hankali, Don. Na san inda takardunka suke."

"Ai gwamnatin taki ta rufe baki ne kawai, hannun karɓa yana nan a buɗe. Rudy ya ce har yau ana cire masa nasa."

"Kai ma ai kuɗin tsufanka bai fasa zuwa ba."

"Wannan tsoron tsofaffi ne. Sun san mu ke fita zaɓe."

Rudy ya bi sauran rabin da tarakta ya kwantar. Sannan ya je ya ɗaga ƙofar magudana. Ruwan ya shigo a hankali, launin shayi da madara, yana tura busassun ganye a gabansa, yana bin kunya-kunya. Darlene tana gabansa da shebur tana buɗe nan tana toshe can, tana waiwayen baranda, shi kuma yana nuna mata da yatsa. Kafin rana ta faɗi, ƙasan gonar ya zama tafki, sararin sama kwance a cikinsa.

Ba su sauka ba.

Washegari ma haka. Suna wucewa can sama, jere bayan jere, muna jin kukansu, amma ko ɗaya bai karkato ba. Ruwan ya fara nutsewa cikin ƙasa. Don Celestino ya daina cin abinci. Nas ta ja ni gefe ta ce in kira 'yarsa.

Ermelinda, wadda yake kira Linda, tana aikin binciken kayan matafiya a filin jirgin sama na Denver. Irinsu ba a tura su gida ba, an ce dole su yi aiki, albashi kuma sai an buɗe gwamnati. Abokan aikinta da dama sun daina zuwa, an soke hutun kowa.

"Chela, na roƙi shugabana har na yi kuka," ta ce a waya. "Ya ce in bari zuwa ƙarshen mako. Zai kai?"

Na ce mata ban sani ba. Ba na son yi mata ƙarya.

Rudy kuwa ya kasa zama. Sai ya zo ya tsaya bakin waya, hannu a ƙugu, yana zagin sama.

"Ku sauko mana, marasa mutunci! Na yi faɗa da rabin gari saboda ku!"

"Ihunka ne ke korar su," in ji Don Celestino da 'yar muryar da ta rage masa. "Ka cire jar rigar nan, ka zauna. Suna kallo ne. Ba sa yarda da sabon wuri da wuri."

Rudy ya cire rigar, ya zauna a kan matakala da singileti cikin sanyin nan.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne. Mun fito da gadonsa baranda saboda ya ƙi zaman ɗaki. Itatuwan bakin kogi sun yi rawaya shar, iska ta kwanta. Ni da Rudy da Darlene ne kawai. Numfashinsa yana ja yana tsayawa, ya daɗe bai buɗe ido ba.

Darlene ce ta taɓa hannuna. Gauraki uku ne, sun ware daga jerin sama. Suka buɗe fukafukai, suka saki dogayen ƙafafu ƙasa kamar masu saukowa daga tsani, suka dira a bakin ruwan. Masu launin toka, da jan goshi, tsayinsu ya kai ƙirjina. Suka tsaya cik, wuya a miƙe. Ɗaya ya sunkuya ya tsinci masara. Sannan ya ɗaga kai ya yi kira.

Sama ta amsa.

Na girma a kwarin nan, na sha ganin gauraki, amma daga nesa, daga cikin mota. Ban taɓa zama a ƙarƙashinsu suna saukowa ba. Jerin da ke wucewa ya karye, na bayansa ma ya karye, suka fara juyawa a kan gidan kamar ana dama fura a ƙwarya. Inuwarsu ta rufe barandar. Muna jin iskar fukafukansu a fuska. Suna dira goma-goma, ɗari-ɗari, har na daina ganin ruwan, kuma ba su daina zuwa ba. Ƙarar ta cika ƙirjina, har katakon da muke kai yana rawa. Can bakin hanya motoci sun tsaya, mutane sun fito sun jingina da shinge. Rudy ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, hawaye na bin gemunsa.

Don Celestino ya buɗe ido. Muka ɗaga masa kai da matashi. Ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe kamar yaro.

"Kira Linda," ya ce.

Na yi sa'a tana hutun cin abinci. Na sa masa wayar a kunne, ya ture ta da yatsa, ya nuna gona. Na miƙa hannu sama da wayar, na riƙe har kafaɗata ta ƙage. Da na mayar kunnena, sai na ji tana kuka tana dariya.

"Baba, na ji su. Na ji su, Baba. Kamar lokacin da kake ɗora ni a wuya."

Ya motsa leɓe. Na sunkuya.

"Ki gaya wa Darlene, kada ruwan ya wuce gwiwarsu."

"Na ji, Maigida," in ji Darlene, ta riƙe hannunsa.

Ban san daidai lokacin da ya cika ba. Dukanmu gona muke kallo, inda wasu biyu suka fara tsalle suna buɗe fukafukai suna jefa kara sama. Da na waiwayo, idonsa na nan a kansu, amma ƙirjinsa ya daina motsi. Rudy ne ya rufe masa ido da babban yatsansa mai kaushi, ya zare robar daga hancinsa, ya kashe injin iskar.

Nas ta zo ta yi abin da za ta yi. Rana tana gab da faɗuwa motar masu ɗaukar gawa ta shigo layinmu. Hanyar baranda ta bi ta gefen gonar ne. Direban, wani dogon mutum cikin baƙar kwat, ya kawo daidai kwanar ya ga abin da ke gabansa. Ya kashe mota tun daga can. Ya fito, ya tura ƙofar a hankali ba tare da ta yi ƙara ba, ya tako da ƙafa har inda muke.

"Babu gaggawa, ko?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Rudy ya matsa masa a kan matakala. Ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa. Gaurakin suna shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya naɗe ƙafa ɗaya ya tsaya, hasken yamma yana ja da baya a kan bayansu.