Shawarar Yaya Torika

Shekara tara Torika ta yi tana aikin jinya a ɗakin masu jego, kuma ƙofa ɗaya ce tal tsakaninta da ɗakin haihuwa. Ta wannan ƙofar ake turo mata mata bayan an gama komai, an wanke jariri an naɗe shi. Ita ce mai koyar da shayarwa, mai duba cibiya, mai sauya zanen gado. Aiki ne mai kyau, ba wanda ya ce ba haka ba, amma ita ba shi take so ba. So take ta zama ungozoma. Hanya kuwa ɗaya ce a asibitin nan: mutum ya fara samun gurbi a ɗakin haihuwa, sannan Sista Premila, shugabar ɗakin, ta sa sunansa a kujera ɗayar da ake ba su duk shekara a makarantar ungozoma ta Suva, babban birnin ƙasarsu Fiji.

Sai ga Kelera. Yarinya ce da ta zo shekara uku da suka wuce, ko jijiyar ƙarin ruwa ba ta iya samu sai Torika ta kama mata hannu. Torika ce ta koya mata komai, har inda ake ɓoye shayi don kada likitoci su shanye. Amma yanzu duk ranar da aiki ya cakuɗe a ɗakin haihuwa, Sista Premila za ta leƙo ta ƙofar nan, idonta ya tsallake Torika kamar ya tsallake kujera, ta ce, "Kelera, zo ki kama mana."

Abin da ya fi tsaya wa Torika a rai shi ne maganar takwara. A Fiji ba a wasa da takwara. Wanda aka sa wa yaro sunansa ya zama ɗan gida, da shi za a yi suna da biki da komai. Cikin shekara uku an yi wa Kelera takwara biyar. Har kasuwa mata ke tare ta su cusa mata gwaza da kwakwa. Torika kuwa takwara ɗaya ta samu a shekara tara, shi ma daga baya ta gano sunan kakar yarinyar ne. Duk sanda aka zo da wata ƙaramar Kelera awo, Torika za ta karɓe ta, ta yi mata wasa, ta ce tubarkalla, alhali ƙyashi na cin ta kamar ta yi ihu.

Da wata tsohuwar nas ta yi ritaya, gurbi ya buɗe a ɗakin haihuwa. Su biyu suka nema. Torika ba yarinya ba ce, ta san wadda za a ɗauka.

Ranar wata Laraba suna cin abincin rana a gindin mangwaron bayan asibiti, Kelera ta buɗe kwanonta na rogo da kifi cikin ruwan kwakwa, ta tura wa Torika, ita Kelera kuwa ta kasa ci.

"Yaya, shawara nake nema," in ji ta. "An ce akwai gurbi a ƙaramin asibitin tsibirin Yanuvou, nas ɗaya suke so. Ofis sun tambaye ni. Ga kuma wannan na ɗakin haihuwa. Kaina ya ɗaure. Da ke ce a matsayina, wanne za ki ɗauka?"

Torika ta tauna rogonta a hankali, don kada murna ta fito mata a fuska.

"Ke dai Kelera, wani sa'in kamar ba ni na raine ki ba. Me kike nema a ɗakin haihuwa? Haihuwa ko suna?"

"Haihuwa mana, Yaya."

"To buɗe kunnenki. In za ki zaɓi aiki, kar ki dubi girman ginin, dubi yawan hannayen da ke gabanki. A nan akwai Sista, akwai ungozoma huɗu, ga likitoci, ga ɗalibai kowa na neman a ce shi ya karɓa. Sai yaushe layi zai zo kanki? A tsibiri kuwa ke ce nas, ke ce ungozoma, ke ce likita. Shekara ɗaya a can ta fi biyar a nan. Kuma ba miji gare ki ba, ba goyo. Ni da yara uku ina zan kai su? Da ina da shekarunki, wallahi ko jakata ba zan tsaya haɗawa ba."

Abin haushin shi ne ba ta yi mata ƙarya ko ɗaya ba. Ta dai zaɓi gaskiyar da za ta faɗa. Ba ta ambaci awa huɗu a kwalekwale mai inji ba, ba ta ambaci watannin da teku ke hauka har ba mai iya fita ba, ba ta ce mata ranar da abu ya ɓaci ba wanda za ta waiga ta gani ba. Kelera ta yi ta gyaɗa kai, idonta ya kawo ruwa.

"Shi ya sa ban tambayi kowa ba sai ke," in ji ta. "Kowa son kansa zai sa a ciki."

Torika ta ce mata ta ci abincinta kafin ya huce.

Washegari Kelera ta janye takardarta. Sista Premila ta yi ta faɗa, ta ce yaran yanzu ba su san inda ke musu ciwo ba, amma a ƙarshe ta sa hannu a takardar Torika, tunda ita kaɗai ta rage. Aka yi wa Kelera walimar bankwana da gurasar roti da miyar kabewa. Torika ce ta fi kowa kuka, kuma rabin kukan na gaskiya ne.

Ta tsallaka ƙofar dai. Sai ta tarar da shawararta tana jiran ta a ciki, ba ta rage komai ba. Ita ke auna bugun zuciyar jariri, ita ke shafa wa mai naƙuda baya, ita ke shan zagi da yakushi na awa takwas. Da kan jariri ya leƙo sai a ce, "Matsa kaɗan, Torika," wata ungozoma ko wani ɗalibin likita ya sa hannu. Wata biyar, haihuwa biyu ta karɓa, su ma don sun zo da gaggawa ne kafin kowa ya sa safar hannu. Kelera kuwa hotuna take turo mata a waya: ga ta da jariri, ta yi baƙi ta rame, tana dariya har kunne. Torika takan tura mata alamar zuciya, sannan ta kife wayar. Abin da ke sanyaya mata rai ɗaya ne: kujerar Suva ta bana ba mai ja da ita, ranar Litinin mai zuwa Sista za ta aika da suna.

Ranar Asabar da tsakar rana ana ta iska tun safe, rake ya kwanta a gonaki. Likita da Sista Premila suna ɗakin tiyata, ungozomar da ke aiki tana kan wata mai haihuwar fari. Torika ce kaɗai a teburi lokacin da wayar ɗakin ta yi ƙara.

"Yaya, ke ce? Na gode Allah." Muryar Kelera ce, iska na kaɗa ta. "Ina da mata a kan gado, haihuwa ta huɗu, yanzu aka kawo ta daga bayan tsibiri. Yaron a zaune ya taho, ɗuwawu ya riga ya leƙo. Teku ta haukace, ba a iya fita. Ban taɓa yi ba, Yaya."

Torika ma ba ta taɓa yi ba. Amma shekara tara tana karanta littafin ungozoma a motar haya, ta san shafin kamar sunanta. Ta jawo takarda, ta dubi agogon bango, muryarta ta fito daram.

"Kar ki ja shi. Kin ji ni? Cire hannunki. Kawo ta bakin gado, ki bar shi ya sauko da kansa. Ki tabbata bayansa ne ke kallon ki."

"Bayansa nake gani."

"Madalla. In ƙafafu ba su faɗo ba, danna bayan gwiwa a hankali."

"Ɗaya ta fito. Ga ɗayar."

Daɗi ya kama Torika, ba za a ɓoye ba. Ga ta a ɗakin haihuwa tana ba da umarni, kuma wadda ake bai wa umarnin Kelera ce. Ta ma fara jin yadda za a ba da labarin.

"Yaya, hannu ɗaya ya fito, ɗayan ya ƙi. Ya maƙale a bayan wuyansa. Jikinsa ya fara saki. Ta ina zan juya shi?"

Torika ta buɗe baki. Tana ganin shafin, tana ganin hoton da kibiyar da aka zana a kai, amma kibiyar dama ta nufa ko hagu? In ta faɗi ba daidai ba, hannun zai ƙara ɗaurewa. Ta riƙe waya da hannu biyu, ta kasa zaɓar gefe ɗaya.

"Yaya? Yaya!" Sai Kelera ta ce da wani a gefenta, "Layin ya yanke." Aka ji ta ajiye wayar a kan wani abu na ƙarfe.

Layi bai yanke ba. Torika tana jin komai. Ta ji Kelera ta ce da wata tsohuwa, "Kaka, riƙe mata wannan ƙafar, kar ki saki ko ta zage ki." Ta ji ta ce da mai naƙudar, "Mama, dube ni. Kar ki yi nishi sai na ce." Muryar ba rawa ko kaɗan, kamar mai tambayar kuɗin tumatir. Daga nan sai iska, da addu'ar tsohuwar, da Kelera tana magana ƙasa-ƙasa da yaron da bai gama fitowa ba, tana ce masa juyo, ɗan albarka, juyo. Agogon bango ya ci minti huɗu. Sai aka ji wani ɗan tari, sannan kuka mai ƙarfi, mata suka ɗauki guɗa.

Torika ta gode wa Allah da zuciya ɗaya. Tana gama godiyar ƙyashin ya dawo ya zauna inda ya saba zama, har ya fi da nauyi.

"Yaya, kina ji na? Layin ya dawo! Namiji ne! Ba don ke ba da ban san yadda zan yi ba."

"Ki duba jini," in ji Torika. "Kar murna ta sa ki manta da mabiyiya."

Da Sista Premila ta fito daga tiyata, labari ya riga ta isa teburi. Ta cire hularta, ta dubi Torika, irin kallon da Torika ta yi shekara tara tana jira.

"Haihuwar zaune ta waya? Ashe haka kika ƙware ba mu sani ba. To kin san ƙa'ida, wadda ta ɗauki waya ita ke rubuta rahoto, da lokacin kowane abu. Rubuta shi tsaf, da shi zan haɗa takardar Suva."

Torika ta zauna ta rubuta. Abin ya yi ta tafiya sumul, umarni bayan umarni, kowanne da lokacinsa, har ta iso kan hannun da ya maƙale. Nan biro ya tsaya. Ba za ta iya rubuta cewa ita ta faɗi yadda za a juya yaron ba, don Kelera ta san ba a yi haka ba. Da ta rubuta cewa ta yi shiru kuwa, gara ta koma ɗakin masu jego da ƙafarta. Sai ta ɗauki abin da Kelera da kanta ta miƙo mata. Ta rubuta: ƙarfe goma sha biyu da minti arba'in da ɗaya, layi ya yanke. Da minti arba'in da biyar layi ya dawo, jariri ya fito lafiya. Ta sa hannu, ta kai ofis, tana jin ta tsallake.

Sista Premila ta sa tabarau ta karanta a tsaye. Ta kai ƙarshe, ta koma tsakiya, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Lokacin da layin ya yanke, hannun yana maƙale?"

"E, Sista."

"Da ya dawo kuma yaro na kuka."

"E."

"To wa ya gaya mata yadda za ta juya shi? Wa ya fito mata da kan yaron?"

Torika ta dubi takardar da ke hannun Sista, rubutunta ne mai kyau, ba gogewa ko ɗaya.

"Ba kowa, Sista."

Sista Premila ta zauna a hankali. Ta daɗe tana kallon rahoton, tana girgiza kai, murmushi na ƙwace mata.

"Ni na haura shekara goma da zama ungozoma kafin na kwance irin wannan hannun, kuma da likita a bayana. Kin yi ƙoƙari, Torika, ba zan hana ki ba. Baɗi ma shekara ce." Ta jawo takardar Suva daga aljihun teburi, ta cire murfin biro. "Ba ni lambar wayar Kelera. In an bar ta a tsibiri ba takardar ungozoma, an yi zalunci."

Torika ba ta buƙaci duba waya ba. Ta tsaya a gaban teburin, hannayenta a baya, ta karanto lambar ɗaya bayan ɗaya. Da Sista ta juya biyun ƙarshe, ita ce ta gyara mata.